Daga Bango Zuwa Ƙyalle: Waiwaye a Kan Tarihin Zane a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Hausawa kan ce tafiya mabuɗin ilmi. A zangon karatun da ya gabata ne muka tashi daga Lafiya, mu ɗaliban Hausa tare da biyu daga cikin malamanmu, muka nufi Zariya domin ziyarar ƙara ilmi. Abin da ya kai mu shi ne ɗakunan karatu da wuraren adana tsofaffin rubuce-rubuce. Amma a rana ta biyu, bayan azahar, sai muka sami rarar lokaci, wani daga cikinmu ya ba da shawarar a leƙa Sashen Koyar da Zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, tun da an ce ɗalibai sun baje kolin ayyukansu. Gaskiyar magana ita ce, da yawa daga cikinmu sun bi ayari ne kawai don kada a bar su su kaɗai a mota.

Da muka shiga zauren baje kolin sai muka tarar da kanmu rataye a jikin bango. Ga mahaya dawaki cikin lifidi da alkyabba ranar hawan salla, ga 'yan dambe sun ja daga, ga marina a bakin karofi, ga 'yar Fulani da ƙwaryar nono a ka. Muka yi ta zagayawa muna nuna wa juna, kowa na cewa wannan kamar unguwarsu. Can sai ɗaya daga cikin malamanmu ya ce mu riƙa duba sunayen da ke ƙasan kowane zane. Muka duba. Sunayen da za mu iya cewa na Hausawa ne akwai su, amma ba su da yawa. Nan take wani abokinmu ya ce, “Ai Malam mu Hausawa ba mu gaji zane ba, wannan aikin Bature ne ya kawo shi.” Malamin bai ce masa komai ba, murmushi kawai ya yi.

Wannan magana ta abokinmu ita ce dalilin rubuta wannan maƙala. Za mu waiwayi tarihi domin mu ga ko gaskiya ne Bahaushe bai gaji zane ba, mu dubi yadda aka yi Zariya ta zama cibiyar zanen zamani a Nijeriya, sa'an nan mu leƙa wata ƙaramar ƙasa ta Turai, wato Albaniya, wadda tarihin masu zanenta zai taimaka mana wajen fahimtar halin da namu yake ciki.

Hanyar da Muka Bi

Sai daga baya muka lura cewa tun a hanya mun ratsa wani babban yanki na tarihin nan ba tare da mun sani ba. Daga Lafiya mun bi ta Akwanga ne, muka shiga kudancin Jihar Kaduna ta Kafanchan, muka wuce Kachiya da Kaduna kafin mu isa Zariya. Ba nisa da Kafanchan, kusa da garin Kwoi, akwai ƙauyen Nok, inda a shekarar 1928 masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu. A shekarun 1940 ne wani masanin kufai ɗan Ingila, Bernard Fagg, ya gane cewa waɗannan kawuna na yumɓu da ake ta samu a yankin aikin al'umma ɗaya ce, ya kuma sa mata sunan wannan ƙauye. Bincike ya tabbatar da cewa sun haura shekara 2,000 da ƙerawa. Su ne ma suka zama ginshiƙin Gidan Tarihi na Jos da aka buɗe a 1952.

Shi kansa garin Kafanchan, wanda tashar jirgin ƙasa ta tara wa mutane daga ko'ina a Nijeriya, a nan ne Uche Okeke ya yi ƙuruciyarsa, mutumin da daga baya ya zama jagoran matasan da suka canza alƙiblar zane a ƙasar nan. Haka nan kuma, da a ce daga Akwanga mun karkata yamma, da mun isa Keffi, inda a shekarun 1950 wani malami Bature mai suna Dennis Duerden ya gano baiwar wani ɗalibinsa a Kwalejin Gwamnati, wato Jimo Akolo, ya ƙarfafa masa gwiwa. Ke nan jiharmu ta Nasarawa ma tana da hannu a cikin wannan labari. Za mu sake haɗuwa da waɗannan mutane biyu nan gaba.

Tun Kafin Zuwan Ƙyalle

Idan ana nufin zane shi ne a ɗaure farin ƙyalle a jikin katako, a shafa masa fenti da buroshi, a rataye a ɗaki domin kallo, to abokinmu ya yi gaskiya, wannan baƙon abu ne. Amma idan ana nufin sarrafa layi da siffa da launi domin ƙawata wuri da isar da saƙo, to ƙasar Hausa ta daɗe da saninsa. A duwatsun Birnin Kudu ta Jihar Jigawa, kamar Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu da mutanen da suka yi a jikin dutse, wanda masana suka fara bayar da rahotonsa a shekarun 1950.

Babban fagen da Bahaushe ya fi baje fasaharsa shi ne bangon gida. Magini kan jera tubali, ya yi yaɓe, sa'an nan tun ƙasar tana ɗanya ya bi ta da hannu yana fitar da siffofi masu tudu da kwari a kewayen ƙofar zaure. Bayan ta bushe a shafe ta da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, domin ta jure wa ruwan sama. A rufin soro kuma akan yi amfani da laso, wanda ake haɗawa da katsi daga marina da gashin jima da dafara. A can sama ga zankwaye a tsaye, ga indararo yana zubar da ruwa nesa da bango. Duk wanda ya zo wucewa, daga fuskar zaure zai gane matsayin mai gida, ko attajiri ne, ko basarake, ko malami. Wannan baje koli ne da ba a biyan kuɗin shiga, kuma mai kallonsa shi ne duk wanda ya bi ta lungun.

Wani abin sha'awa shi ne wannan fasaha ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Da siminti da fentin kanti suka shigo a ƙarni na 20, sai magina suka karɓe su, suka riƙa kankare zane a jikin ɗanyen siminti suna cika shi da launuka. Da sababbin abubuwa suka shigo rayuwa, sai su ma suka hau bango. Shi ya sa a tsofaffin gidajen Zariya da Kano da Damagaram ake ganin keke da agogo da mota da jirgin sama sun zauna kusa da takobi da dagi. Maginin da ya ɗora keke a goshin zaure ya rubuta tarihin zamaninsa ne, ya nuna cewa a lokacin mallakar keke abin alfahari ne.

A wannan fage babu sunan da ya kai na Babban Gwani, Malam Mika'ilu, wanda wasu ke kira Muhammadu Durugu. Shi ne ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Da ƙasa da azara kawai ya ɗaga bakan gizo masu ɗauke da rufin da har yau masana gine-gine suke mamakinsa, ya kuma ƙawata ginshiƙan da zane mai zurfi da natsuwa. Har yanzu akwai unguwa a birnin Zariya da ake kira da sunansa. A shekarun 1970 an yi sabon gini da ya lulluɓe abin da ya rage na tsohon masallacin, shi kuwa wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, wanda ya auna ginin tun da farko, ya sa aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Bayan bango, ga allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani, ga aska takwas da aska biyu da tambari a ƙirjin babbar riga, ga ɗinkin hula, ga aikin dukawa a jikin fata, ga sassaƙar ƙwarya, ga jeren tasoshi da kwanoni da mata kan yi a ɗakin amarya. Siffofin nan sukan yi ƙaura daga wannan sana'a zuwa waccan, abin da ke ƙirjin riga yau, gobe a gan shi a goshin zaure. Dagi ma, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauka ya zama tambarinta a zamanin Sardauna, daga cikin wannan taska aka ciro shi. A 1976 David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello kuma ya yi bincike mai zurfi a kan ɗinkin Hausawa, ya shirya baje kolin fasahohin Hausawa a birnin Landan. Ashe kuwa wanda bai gaji abu ba, ba za a cika zaure da kayansa a ƙasar wasu ba.

Makarantar Zariya da 'Yan Tawayenta

Zanen ƙyalle ya fara kafuwa ne a Legas ta hannun Aina Onabolu, wanda ya rayu daga 1882 zuwa 1963, sa'an nan Ben Enwonwu ya ɗaukaka shi. Amma koyar da shi a matakin ilmi mai zurfi a Zariya ya zauna da gindinsa. A 1955 aka ɗauko sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan aka dawo da shi Zariya, kuma wannan kwaleji ce ta zama harsashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yawancin malaman Turawan Ingila ne, manhajar kuma irin ta makarantun Landan ce. Daga cikin 'yan ƙasa ƙalilan da suka koyar a wurin tun farko akwai wata mace, Clara Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano.

A 1958, ana saura shekara biyu a sami mulkin kai, wasu ɗalibai suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya. Daga cikinsu akwai Uche Okeke na Kafanchan da muka ambata, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, da Simon Okeke, da Oseloka Osadebe. Su ne daga baya aka riƙa yi wa laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya. Ƙorafinsu shi ne ana koya musu su kalli duniya da idon Bature, alhali ƙasarsu tana shirin tsayawa da ƙafafunta. A 1960 Okeke ya bayyana manufar da ya kira Natural Synthesis, wato mai zane ya karɓi dabarun waje masu amfani, ya aurar da su ga fasahar da ya gada a gida, ba tare da tilas ko kwaikwayo ba. Ƙungiyar ba ta yi tsawon rai ba, domin a 1961 ta watse bayan jagororinta sun kammala karatu, amma tasirinta ya game ƙasa.

Abin lura a nan shi ne yadda kowannensu ya aiwatar da manufar. Okeke ya koma ga uli, wato zanen da matan Ibo kan yi a jiki da bangon ɗaki, wanda mahaifiyarsa ta sani, ya kuma kafa makaranta a kansa a Jami'ar Nsukka daga 1970. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Grillo ya koma ga rayuwar Yarbawan Legas, yana rina ta da shuɗin da aka san shi da shi. Nwoko ya yi nazarin yumɓun Nok, daga baya ya shahara a gine-gine har aka ba shi babbar lambar yabo a birnin Venice ta Italiya a 2023. Kowa ya koma gidan ubansa ya ɗebo abin da ya tarar.

Sun zana Arewa, babu shakka. Okeke yana da zane mai suna Jumaa na 1961, Nwoko kuma yana da na mabarata a cikin jirgin ƙasa. Amma a cikin sanannun 'yan ƙungiyar babu Bahaushe ko ɗaya. Bahaushe ya shiga zanen zamani ne a matsayin wanda ake zanawa. Bangayen birnin Zariya kuwa, waɗanda ba su kai tafiyar sa'a guda daga Samaru ba, ba su sami ɗan gida da zai yi musu abin da Okeke ya yi wa uli ba. Wanda ya fi kusantar yin haka shi ne Jimo Akolo ɗan makarantar Keffi, mutumin Egbe ta Jihar Kogi ta yanzu. Shi bai yarda a ɗaure mai zane da aƙidar ƙungiya ba, don haka ya tsaya gefe, amma shi ne ya fi zura wa gine-gine da adon Hausawa ido, ya zana makaɗa da mahaya da 'yan dambe, ya kuma shafe shekaru yana aiki a Jami'ar Ahmadu Bello kafin rasuwarsa a 2023.

Me ya sa aka yi haka? Dalili na farko shi ne ƙarancin makarantun boko a Arewa a wancan zamani, kuma 'yan kaɗan ɗin da suka yi karatu gwamnati na jiransu domin aikin mulki da koyarwa da soja. Na biyu, a al'adarmu gini da ɗinki da dukanci sana'o'in gado ne, ɗan boko kuwa yana ganin ya wuce su, shi kuma ɗan magini ba a kai shi makaranta ba. Saboda haka mai fasahar da mai takardar shaidar ba su haɗu a jikin mutum ɗaya ba. Na uku shi ne batun addini, wanda ya kamata mu tsaya a kansa.

Darasi Daga Albaniya

Sanannen abu ne cewa malamai sun yi magana mai yawa a kan hukuncin surar abu mai rai, kuma iyaye da dama sun ƙi barin 'ya'yansu su karanci zane saboda tsoron faɗawa cikin haramun. Ba mu da hurumin yanke hukunci a wannan fage, na malamai ne. Abin da tarihi ya nuna kawai shi ne, wannan taka-tsantsan bai kashe fasaha a ƙasashen Musulmi ba, ya dai juya ta ne zuwa ga rubutu da siffofin lissafi da tsirrai. Babban Gwani masallaci ya ƙawata, mai zayyana kuma allon Alƙur'ani ya ƙawata. Domin mu ga cewa ba mu kaɗai ne muka bi wannan hanya ba, kuma mu ga yadda haramcin gaske yake idan ya faɗa wa masu zane, bari mu leƙa Albaniya.

Albaniya ƙaramar ƙasa ce a kudu maso gabashin Turai, tana maƙwabtaka da Girka, teku kuma ya raba ta da Italiya. Ta shafe fiye da shekara 400 a ƙarƙashin daular Turkawa kafin ta ayyana 'yancinta a 1912, kuma Musulmi ne suka fi yawa a cikinta, tare da Kiristoci masu yawa. Su ma zanensu a bango ya fara. A ƙarni na 16 wani mai zane da ake kira Onufri ya ƙawata majami'u da wani irin jan launi da har yau ake danganta shi da sunansa, kuma akwai gidan tarihi na ayyukansa a garin Berat. A tsakiyar Tirana, babban birnin ƙasar, akwai Masallacin Et'hem Bey, wanda aka fara a ƙarshen ƙarni na 18 aka kammala a farkon na 19, wato tsararsa da masallacin Babban Gwani ba su da nisa. Bangayensa cike suke da zanen itatuwa da gadoji da ruwa mai gangarowa, babu mutum babu dabba. Zanen ƙyalle kuwa sai a ƙarshen ƙarni na 19 ya kafu, inda Kolë Idromeno na garin Shkodër ya zana 'yar'uwarsa Tone a 1883, zanen da ya zama abin tinƙahon ƙasar.

Daga 1944 zuwa 1985 Enver Hoxha ya mulki Albaniya da tsarin kwaminisanci mai tsanani. A 1967 gwamnatinsa ta rufe masallatai da majami'u baki ɗaya. Masu zane kuma aka shata musu layi ɗaya tak: su zana ma'aikata da manoma da sojoji masu ƙarfi da fara'a, suna gina sabuwar ƙasa ƙarƙashin jagorancin jam'iyya. Wanda ya kauce ya ɗanɗana kuɗarsa. Edi Hila ya yi zanen matasa suna dashen itatuwa a farkon shekarun 1970, aka ce launukansa da rawar da siffofinsa ke yi sun saɓa wa aƙida, aka tura shi aikin ƙarfi a gidan kiwon kaji domin ya gyara tunaninsa. An ɗaure Edison Gjergo saboda salon zanensa. Maks Velo kuwa an kama shi a 1978, aka yanke masa shekara 10, aka lalata ayyukansa masu yawa.

Da mulkin ya fara tangal-tangal, a watan Janairu na 1991 dubban mutane suka shiga Masallacin Et'hem Bey suka yi salla ba tare da izinin hukuma ba, suka tarar da itatuwan nan na bango suna nan yadda aka bar su. Bayan faɗuwar tsarin, Albaniyawa ba su ƙone zane-zanen zamanin tilas ba. Sun adana su a taskar zane ta ƙasa da ke Tirana, domin na baya su ga yadda aka yi. A shekarar 2000 kuma wani mai zane, Edi Rama, ya zama magajin garin Tirana, ya sa aka bi dogayen gidajen siminti masu launin toka da aka gada daga zamanin Hoxha aka shafe su da ja da kore da ruwan ɗorawa. Wasu sun yaba, wasu sun ce fenti ba ya gyara famfo, amma mutanen birnin sun koma muhawara a kan kamannin unguwanninsu, har Anri Sala ya ɗauki fim a kan aikin a 2003. Shi Rama ya zama firayim minista a 2013.

To, mu dawo gida. A Albaniya hukuma ce ta ɗaure masu zane ta lalata ayyukansu, duk da haka fasahar ta rayu, har ta koma kan bango. A ƙasar Hausa ba a taɓa kafa dokar hana magini ƙawata zaure ba, ba a taɓa ɗaure mai zayyana ba. Amma bangayenmu suna ta zubewa. Kowace damina takan tafi da wasu, magada su rushe wasu su sa bulo da kwano, domin a idon yawancinmu gidan ƙasa alamar talauci ce. Tsohon magini ya rasu, ɗansa yana acaba ko yana aikin leburan siminti. Abin da ƙarfin mulki ya kasa yi a can, halin ko-in-kula yana yin sa a nan cikin ruwan sanyi.

Abin da Ya Rage a Hannu

Ba za mu ce komai ya tafi ba. Makarantar Zariya ta ci gaba da haihuwa. Gani Odutokun, wanda ya rasu a haɗarin mota a 1995, ya zana hawan daba, ya kuma yi wa masu mulki shaguɓe da fenti a zamanin soja. Jerry Buhari ya mayar da hankali ga lalacewar muhalli. Mu'azu Mohammed Sani da Kaltume Bulama Gana suna daga cikin 'ya'yan Arewa da suka fito daga wannan makaranta suka yi suna, kuma ita Kaltume ta yi amfani da adon Hausawa da rubutun Larabci a ayyukanta. Ladi Kwali, maginiyar tukwane ta ƙasar Gwari wadda ta shiga cibiyar Michael Cardew a Abuja ta da, wato Suleja, a 1954, ta nuna cewa mai sana'ar gado zai iya shiga zauren zamani da kayansa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta kuma ya hau takardar naira 20. A Jamhuriyar Nijar, magini Falke Barmu ya gina masallacin ƙasa a garin Yama ta yankin Tawa wanda ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Ƙofar fadar Zazzau da fadar Dutse suna sanye da adon gargajiya cikin launuka masu haske. A watan Oktoba na 2025 kuma gidan zane na Tate Modern da ke Landan ya buɗe babban baje koli a kan zanen zamani na Nijeriya, inda 'Yan Tawayen Zariya da Ladi Kwali suka sami gurbi.

Sai dai adon fada kaɗai ba zai riƙe sana'a ba, domin fada ɗaya ce a gari, zauruka kuwa dubbai ne. Da yammacin ranar da muka ziyarci zauren baje kolin, mun roƙi direbanmu ya ratsa da mu ta cikin birnin Zariya. A wani lungu muka tsaya gaban wani tsohon zaure da rabin fuskarsa ta zube. A ɓangaren da ya rage ana iya ganin ƙafar keke ɗaya da rabin dagi. Muka tambayi wani dattijo da ke zaune a dakali ko ya san wanda ya yi aikin. Ya ce, “'Ya'yana, wanda ya yi shi ya daɗe da rasuwa, tun ina yaro ake kiransa gidajen biki. Yanzu wa zai biya a yi masa wannan?” Abokinmu mai cewa ba mu gaji zane ba shi ne ya fi kowa daɗewa a tsaye a wurin.

A hanyarmu ta komawa Lafiya malaminmu ya yi mana wata 'yar jarrabawa a cikin mota. Ya ce kowa ya kawo sunayen siffofi biyar na adon bango ko na riga. Mu da muke karatun digiri a kan harshen Hausa da adabinsa da al'adunsa, babu wanda ya wuce uku. Daga dagi sai aska takwas, sai kame-kame.

Kammalawa

A wannan maƙala mun yi ƙoƙarin nuna cewa Bahaushe ya gaji zane, sai dai a bango da allo da riga da ƙwarya ya gaje shi. Mun ga yadda Zariya ta zama mahaifar zanen zamani a Nijeriya, da yadda 'ya'yan wasu al'ummu suka zo cikinta suka koyi darajar abin da suka baro a gida, alhali na masu masaukin bai sami mai ɗaukarsa ba sai kaɗan. Mun kuma ga cewa a Albaniya fasaha ta tsira daga hannun mai ƙarfi, mu kuwa tamu tana neman salwanta a hannunmu.

Ba dukanmu ne za mu riƙe buroshi ba, amma akwai aikin da ya rataya a wuyan ɗalibin Hausa musamman. Kowace siffa tana da suna, kowane mataki na gini yana da kalmarsa, kuma waɗannan kalmomi suna bakin tsofaffin magina da maɗinka da masu zayyana ne, ranar da aka binne su an binne har da kalmomin. Masana irin su Farfesa Hamman Tukur Sa'ad, wanda ya zauna da maginan Hausa ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansu, sun share hanya, amma yawancin abin da aka rubuta da Turanci yake. Muna kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai da ke neman batun kundin kammala karatu da su dubi wannan fage. A nan Lafiya ma akwai tsofaffin unguwanni da ya kamata a zagaya da abin ɗaukar hoto da na ɗaukar magana, akwai kuma maƙwabtanmu Eggon da Alago da Mada da Gwandara da Migili, kowa da irin adonsa na tukunya da ƙwarya da saƙa, wanda shi ma yake jiran mai rubutawa. Haka nan muna roƙon malamanmu na Hausa da takwarorinsu na sashen zane da na gine-gine su riƙa haɗa ɗalibansu a aiki ɗaya, mai zane ya kwafi siffar, mai harshe ya rubuta sunanta da tarihinta. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya sa mu farga tun da sauran bangayen a tsaye.